Kafar siriyal da direbobi: dalilin da manhaja ke aiki a wannan kwamfuta ta ƙi a waccan

A bayan inbatar sola, a jikin sikelin auna manyan motoci, a gefen injin gwajin jini na asibiti, har da ƙaramar na'urar buga rasit ta kanti, sau da yawa akan tarar da wata kafa mai haƙora tara, ko wata da aka rubuta RS-232 ko RS-485 kusa da ita. Ta nan ne na'urar ke miƙa wa kwamfuta abin da ta auna: nauyin kaya, cajin batir, sakamakon gwaji. Sunanta kafar siriyal, masu Faransanci kuma suna ce mata port série.

Fasahar ta haura shekara 60, kuma sauƙinta ne ya sa masana'antu ba su rabu da ita ba har yau. Amma tana cikin abubuwan da suka fi kunyata masu rubuta manhaja. Mutum zai rubuta manhajarsa ya gwada a kwamfutarsa, komai lafiya lau, ya aika wa mai kanti a Garwa ko wani ɗakin awo a Njamena, can kuma na'ura ta yi gum. Sai a zargi manhajar, ko a ce na'urar ce ta lalace, har a kashe kuɗi a sayi wata. Sau da yawa laifin yana tsakani, a wurin wata ƴar ƙaramar manhaja da ake kira direba.

Yadda kafar ke aiki

A 1960 ne ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar da ƙa'idar RS-232 domin haɗa injinan tura rubutu da modem. Gyaran da aka yi mata a 1969, wato RS-232-C, shi ya fi yaɗuwa. Da farko kan kebul ɗin haƙora 25 gare shi. Mai haƙora tara da aka sani yanzu ya bazu ne bayan kamfanin IBM ya sa shi a kwamfutarsa PC/AT a 1984.

Ana kiranta siriyal ne saboda bayanai suna tafiya a jere, bit ɗaya bayan ɗaya, a kan zaren waya guda. Zare uku sun isa a yi magana: na aikawa, na karɓa, da na ƙasa. Babu zaren agogo tsakanin ɓangarorin biyu, saboda haka dole su shirya tun farko a kan saurin da za su yi magana. Ma'aunin saurin shi ne baud, sunan da aka samo daga Émile Baudot, Bafaranshen injiniyan talgiram na ƙarni na 19.

Tsarin da aka fi yawan gani shi ne 9600 8N1. Ma'anarsa bit 9600 a kowace daƙiƙa, bit takwas na saƙo, babu bit ɗin tantance kuskure, sai bit ɗaya na tsayawa. Idan aka haɗa da bit ɗin farawa, kowane harafi yana cin bit goma, wato haruffa 960 ke nan a daƙiƙa. Idan ɗaya ɓangaren yana kan 9600, ɗayan kuma yana kan 19200, abin da zai fito a allo shirme ne zalla.

Akwai kuma bambancin ƙarfin lantarki. RS-232 na asali yana aiki ne tsakanin volt 3 zuwa 15, sama da sifili ko ƙasa da shi. Ƙananan allunan lantarki irin su Arduino da ESP32 kuwa suna magana da volt 5 ko 3.3. Duka biyun siriyal ake ce musu, amma wanda ya jona su kai tsaye ba tare da ƙwayar da ke daidaita ƙarfin ba zai iya ƙone allon.

Ta ɓace a jikin kwamfuta, ta koma cikin USB

Tun bayan fitowar USB a 1996, masu ƙera kwamfuta suka riƙa cire kafar mai haƙora tara, har ta zama da wuya a same ta a kwamfutar tafi-da-gidanka. Na'urorin da ke amfani da ita kuwa suna nan, wasu ma sabbi ne. Mafitar ita ce kebul mai kai biyu, USB a nan, siriyal a can, da wata ƙwayar lantarki a tsakiya da ke fassara.

Kamfanoni huɗu ne suka fi shahara da waɗannan ƙwayoyi: FTDI na birnin Glasgow a Birtaniya mai FT232, Prolific na Taiwan mai PL2303, Silicon Labs na Amurka mai CP2102, da WCH na birnin Nanjing a China mai CH340. A waje kebul ɗin duk kamanninsu ɗaya. A ciki kuwa kowace ƙwaya da yarenta, kuma kwamfuta ba za ta ji yaren ba sai da direban da ya dace.

Direba, ko pilote a Faransanci, tamkar tafinta ne tsakanin babbar manhajar kwamfuta da na'urar da aka jona. Manhajar mai kanti ba ta taɓa kebul da kanta. Tana ce wa Windows ko Linux ne ta buɗe mata kafa kaza a sauri kaza, babbar manhajar ta miƙa wa direba, direba ya miƙa wa ƙwaya. Duk abin da direban bai iya ba, manhajar ba za ta same shi ba, komai ƙwarewar wanda ya rubuta ta.

Akwai rukunin na'urorin da ke bin ƙa'idar bai ɗaya ta USB mai suna CDC-ACM, kamar Arduino Uno na asali. Su ba sa buƙatar direban kamfani a Linux da macOS, kuma tun daga Windows 10 Microsoft ma tana ɗora musu nata direban kai tsaye. Amma yawancin kwafin Arduino masu araha CH340 ne a jikinsu, don haka allo biyu masu suna ɗaya na iya buƙatar direba daban-daban.

Kowane gida da sunan da yake kiranta

Cikas na farko ga manhajar da ake so ta yi aiki a ko'ina shi ne suna. A Windows kafar COM1 ce, COM3, COM7. Ana ganin su a wurin da Windows ta Faransanci ke kira Gestionnaire de périphériques. A nan ma akwai tarko: daga COM10 zuwa sama, manhajar da ke kiran Windows kai tsaye sai ta rubuta sunan a siffar \\.\COM10, in ba haka ba kafar ba za ta buɗu ba. Tsofaffin manhajoji da yawa sun tsaya a COM9, wasu ma a COM4. Kuma lambar na iya canzawa: ƙwayar da ba ta da lambar shaida ta kanta, irin CH340, idan aka cire ta daga wannan ramin USB aka mayar wancan, Windows kan ba ta sabuwar lamba.

A Linux kafar fayil ce a cikin /dev. Ta jikin kwamfuta ttyS0 ce, ta kebul ttyUSB0, ta CDC-ACM kuma ttyACM0. Lambar tana bin wanda aka fara jonawa, saboda haka sikelin da yake ttyUSB0 yau zai iya zama ttyUSB1 gobe bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. Shi ya sa masu gogewa suke amfani da sunayen da ke cikin /dev/serial/by-id. Ga kuma batun izini: a Debian da Ubuntu sai mai amfani yana cikin rukunin dialout kafin ya iya buɗe kafar, a Arch Linux kuma sunan rukunin uucp.

A macOS kowace kafa suna biyu gare ta, ɗaya mai farawa da tty, ɗaya da cu. Na farkon yakan tsaya jiran alamar modem kafin ya buɗe, kuma galibin na'urorin yau ba sa aiko wannan alama. Wanda bai sani ba zai ga manhajarsa ta sandare, alhali sunan da ya zaɓa ne ba daidai ba.

Hatta dokar wanda ke riƙe da kafa ta bambanta. Windows manhaja ɗaya take bai wa kafa a lokaci guda, ta biyu za a ce mata an hana. Linux kuwa tana iya barin manhaja biyu su buɗe kafa ɗaya idan ba a kulle ta ba, sai su riƙa rabon haruffan da ke shigowa, kowace ta samu guntu. Babu saƙon kuskure da zai fito, bayanan ne kawai za su zo da giɓi.

Wani lokaci babbar manhajar ce da kanta ke shiga tsakani. A Linux, manhajar ModemManager takan aika wa sabuwar na'ura tambayoyi don ta ga ko modem ce, abin da kan rikita na'urar da ba modem ba. A Ubuntu 22.04, manhajar brltty da ke hidimar allunan rubutun makafi ta riƙa kama kebul masu CH340, kafar ta bayyana ta ɓace nan take. Windows kuma an daɗe da saninta da ɗaukar na'urar GPS a matsayin tsohon linzamin kwamfuta, sai a ga kibiya tana tsalle-tsalle a allo ita kaɗai.

Iyakar abin da direba ya iya

Ko an samu kafar ta buɗu, ba kowane saiti ne kowane tsari ke karɓa ba. Saurin da aka saba, irin 9600 da 115200, yana aiki a ko'ina. Amma kayan kiɗa masu MIDI suna magana a 31250, ƙwayar ESP8266 kuma tana fitar da saƙonta na tashi a 74880. Windows tana karɓar kowace lamba ta miƙa wa direba, shi kuma ya yarda ko ya ƙi. Ƙa'idar POSIX da Linux da macOS suka gada jerin sauri ƙayyadadde gare ta, don haka kowannensu ya ƙirƙiri hanyarsa ta musamman ta neman saurin da ba ya cikin jerin, kuma hanyoyin biyu ba su yi kama ba. Haka ma bit ɗin tsayawa ɗaya da rabi: Windows ta san shi, POSIX ba ta tanade shi ba.

Zaren DTR ma na haddasa ruɗani. Asalinsa alama ce ta sanar da modem cewa kwamfuta ta shirya, kuma tsare-tsare da yawa suna ɗaga shi da zarar an buɗe kafa. Masu ƙera Arduino Uno sun yi amfani da wannan alama wajen sake tayar da allon. Sakamakon haka, duk lokacin da manhaja ta buɗe kafar allon yakan fara daga farko, kuma saƙon da aka aika a daƙiƙar farko kan faɗi ƙasa.

Babbar matsala ita ce lokaci. A tsohuwar kafar jikin kwamfuta, haruffa na isowa kusan yadda aka aiko su. USB kuwa ƙunshi-ƙunshi take ɗauka. Ƙwayar FT232 takan tara haruffa har su kai 62 kafin ta tura, idan kuma ba su cika ba sai ta jira milisakan 16, wato kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa. Ga mai karanta rubutu a allo wannan ba komai ba ne. Ga manhajar da ke yi wa na'ura gajerun tambayoyi ɗari a jere, jiran zai iya ƙara daƙiƙa ɗaya da rabi da ɗoriya.

Lamarin ya fi tsanani a Modbus RTU, yaren da kamfanin Modicon ya fitar a 1979, wanda mitocin lantarki da inbatoci da yawa ke magana da shi a kan RS-485. A wannan yare, shiru ne ke nuna ƙarshen saƙo: idan layi ya yi tsit na tsawon harafi uku da rabi, saƙo ya ƙare. A saurin 9600 wannan shiru kusan milisakan huɗu ne. Kebul ɗin da ke riƙe haruffa milisakan 16 zai iya raba saƙo ɗaya gida biyu, ko ya manne biyu wuri ɗaya. Manhajar da ta dogara da auna shirun za ta yi aiki da wannan kebul ta ƙi da wancan. Ana iya rage lokacin jiran na FTDI, amma a Windows a saitin direba ake yi, a Linux kuma a wani fayil cikin /sys, kowane da hanyarsa.

Rikicin ƙwayoyin jabu

Shaharar FT232 da PL2303 ta sa an cika kasuwannin duniya da jabunsu, kuma kamfanonin sun mayar da martani ta hanyar direba. A watan Oktoban 2014 aka gano cewa wani direban FTDI da ya shigo ta sabuntawar Windows yana mayar da lambar shaidar ƙwayar jabu zuwa 0000, ta yadda kwamfuta ba za ta sake gane ta ba. Bayan ƙorafi mai yawa kamfanin ya janye direban. A farkon 2016 kuma wani direban nasa ya riƙa cusa saƙon da ke cewa na'urar jabu ce a cikin bayanan da ke wucewa.

Sabbin direbobin Prolific su kuma ƙin aiki suke yi da jabu da ma wasu tsofaffin ƙwayoyin kamfanin na gaskiya. Mai kebul zai ga alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa da kuskure mai lamba 10, ko sanarwar cewa an daina tallafa wa PL2303HXA tun 2012. Kebul ɗin nan da Windows ta ƙi, sau da yawa yana aiki a Linux, domin direban da ke cikin Linux ba ya wannan binciken.

Wanda ya fi shan wahala a wannan faɗa shi ne mai saye. Ba shi da hanyar gane jabu da ido, kuma mai shagon da ya sayar masa ma galibi bai sani ba. Ga wanda ke wurin da intanet ke da tsada ko rauni, neman wani direban ko hana Windows sabunta shi aiki ne babba.

Kwamfutocin Apple, wayoyi da burauza

Apple ta canza tsarin direbobinta. A 2019, tare da macOS Catalina, ta gabatar da DriverKit, ta fara janye hannu daga direbobin da ke zaune a tsakiyar babbar manhaja. Da kwamfutoci masu ƙwayar M1 suka fito a 2020, tsofaffin direbobin da aka rubuta don Intel suka daina aiki a kansu. Na'urar da kamfaninta ya rufe ko ya daina sabunta direba, tafiyarta ta tsaya nan.

Android na iya magana da na'urorin USB tun daga siga ta 3.1 a 2011, amma ba ta bai wa manhajoji kafar siriyal irin ta kwamfuta. Dole manhajar ta ɗauko direban a cikinta, ta nemi izinin mai wayar, kuma wayar ta kasance mai karɓar OTG. Laburaren usb-serial-for-android ya tanadi direbobin sanannun ƙwayoyi, amma wadda ba ta cikin jerinsa sai an yi mata aiki na daban. A iPhone ƙofar ta fi ƙunci, domin sai kayan da Apple ta amince da su.

A 2021 Chrome 89 ya zo da Web Serial, hanyar da shafin intanet zai yi magana da kafar siriyal bayan mai kwamfuta ya zaɓe ta ya ba da izini. Edge ma yana da ita, Safari ba shi da ita. Ko a Chrome ɗin, burauza na hawa ne a kan direban da ke cikin kwamfutar. Idan babu shi, shafin ba zai ga komai ba.

Masu gyaran waya a kasuwanninmu sun san wannan matsala ko da ba da wannan suna ba. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa ƙwayar MediaTek gare su, kuma idan za a yi musu filashin, wayar kan bayyana a kwamfuta a matsayin kafar COM ta ƴan daƙiƙu kawai. Idan direban bai zauna da kyau ba, kafar za ta ɓace kafin manhajar filashin ta kama ta. Wayoyi masu ƙwayar Qualcomm su ma suna da yanayin ceto da ke fitowa a matsayin kafar COM mai lamba 9008 a sunanta.

Abin da laburare ke iya yi

Masu rubuta manhaja suna da laburaren da ke ɓoye yawancin bambance-bambancen nan: pySerial a Python, jSerialComm a Java, QSerialPort a Qt, da serialport a Node.js. Suna ba da hanya ɗaya ta lissafa kafofi, buɗewa, karantawa da rubutawa, kuma sun rage wahala sosai. Amma a ƙarƙashinsu kowane laburare na ɗauke da ɓangare daban don kowane tsari, kuma duk a kan direba suke tsaye. Laburare ba zai sanya direban da babu ba, ba zai ba da izinin dialout ba, ba zai sa direban Prolific ya karɓi ƙwayar da ya ƙi ba.

Matakan da ke rage asara

Ga mai rubuta manhaja, abu na farko shi ne kada ya kafe sunan kafa a cikin aikinsa. Ya nemo na'urar ta lambobin shaidar USB, wato VID da PID, ya kuma bar mai amfani ya zaɓa. Na biyu, kada ya ɗauka cewa karatu ɗaya zai kawo saƙo cikakke. Ya tara haruffa a ma'ajiya, ya gane ƙarshen saƙo ta tsawonsa ko alamar rufewa, ya tantance shi da lissafin CRC. Na uku, ya tanadi abin da zai faru idan aka zare kebul ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Na huɗu, saƙon kuskure ya faɗi gaskiyar abin da ya faru: babu kafa ne, babu izini ne, ko wata manhaja ce ke riƙe da ita. Sannan ya gwada da ƙwayoyi aƙalla biyu ko uku a kan kowane tsarin da ya yi alkawari, ya rubuta waɗanda ya gwada.

Ga mai kanti, ma'aikacin ɗakin awo ko mai haɗa sola, tambayar da ta kamata kafin saye ita ce wace ƙwaya ce a cikin kebul ɗin, kuma manhajar na'urar a kan wace sigar Windows ko wane tsari aka gwada ta. Idan aka dace da kebul mai aiki, a sayi na biyu irinsa, a ajiye kwafin direbansa a filas, a riƙa jona shi a rami ɗaya. A rubuta saitin na'urar, misali 9600 8N1, a manna a jikinta. A kula da tsawo: RS-232 ba a son ya wuce mita 15 ko makamancin haka, RS-485 kuwa na iya kai mita 1200.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a yanke hukuncin cewa na'ura ta mutu. A cire kebul daga na'urar, a haɗa haƙori na 2 da na 3 na kan mai haƙora tara, a buɗe manhaja irin PuTTY a rubuta haruffa. Idan abin da aka rubuta ya dawo allo, kebul da direba lafiyarsu ƙalau, sai a duba saiti ko na'urar. Idan bai dawo ba, a fara canza kebul ko direba, domin sun fi sabon sikeli ko sabuwar inbata araha nesa ba kusa ba.